Katin Awo da Abin da Ke Rubuce a Cikinsa

Yawancinmu da mu ke cikin wannan kwaleji, in Allah Ya kai mu ƙarshen karatu, ba a cikin Jimeta za a ajiye mu ba. Wani za a tura shi Fufore, wata Song, wani Mayo-Belwa, wata can ƙasar Ganye, inda malamin makaranta shi ne akawun gari, shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne kuma mai fassara ko wace takarda da aka rubuta da Turanci. Cikin takardun da za a riƙa miƙo mana akwai wani ɗan kati wanda mata masu juna biyu su ke komowa da shi daga asibiti, watau katin awo. Ko a nan Karewa, inda asibiti ba shi da nisa, tun da na soma koyon aikin koyarwa a wata makarantar firamare ta unguwar, iyayen yara sun sha kawo mini shi, su ce, "Malama, duba mana abin da suka rubuta." Ni ba likita ba ce, ba kuwa ungozoma ba. Amma na zauna da wata tsohuwar ungozomar asibiti ta bi katin nan da ni layi layi, na kuma karanta abin da na samu, shi ya sa na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana bayani, domin in an miƙo mana mu san abin da mu ke riƙe da shi.

Da fari dai, mene ne amfanin awo? Mutane da yawa suna ɗauka asibiti wurin marar lafiya ne. Saboda haka in mace tana cin tuwonta, tana daka, tana ɗebo ruwa, sai su ce me za ta je nema, ai ciki ba cuta ba ne. Gaskiya ne, ba cuta ba ne. Amma akwai waɗansu cututtuka da su kan bi ciki su shigo a ɓoye, ba zafi ba zazzaɓi, kamar gara cikin dirkar rumfa, ba a sani ba sai ran da rumfa ta faɗi. Aikin awo shi ne a ƙwanƙwasa dirkar tun rumfa tana tsaye.

Abin kuwa ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 260,000 suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, cikinsu kuwa kimanin 75,000 'yan Nijeriya ne, watau fiye da ɗaya bisa huɗu. Tun tuni aka auna wannan al'amari a ƙasarmu ta Arewa. Tsakanin 1976 da 1979 wani likitan mata, Farfesa Kelsey Harrison, da abokan aikinsa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka rubuta labarin ko wace haihuwa da aka yi a hannunsu, ɗaya bayan ɗaya, har 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Da suka ware matan da suka yi awo daga waɗanda ba a taɓa gani ba sai ran da aka ɗauko su ranga-ranga, sai mutuwa cikin kashi na biyun ta ninka ta na farkon fiye da sau 20. Kada dai mu yi saurin cewa awo kaɗai ya kawo wannan bambanci duka, gama cikin marasa awo, waɗanda suka haihu lafiya a gida suka haihu, ba su shiga lissafi ba. Duk da haka ratar ta yi faɗin da ba za a kau da kai ba.

To, mu buɗe katin. Shafin farko tambayoyi ne: shekarunta, haihuwa nawa ta yi, nawa ke raye, ta taɓa ɓari, ta taɓa haifar ɗa ba rai, an taɓa yi mata aiki aka ciro jariri, ta taɓa zubar da jini ko jijjiga. Waɗansu mata su kan ji haushin tambayoyin nan, su ga kamar tonon asiri ne, har wata ta ɓoye ɓarin da ta yi. Alhali amsoshin nan ba su cin ko kwabo, su ne kuwa ma'auni na farko. Yarinyar da ba ta gama girma ba, da macen da ta wuce 35, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, da gajeruwar da ba ta kai santimita 150 ba, da wadda ke da tabon aiki a mahaifa, duk a kan sa musu ido fiye da sauran, a ce su haihu inda akwai likita.

Nan kusa za ku ga kwanan wata biyu. Na farko ranar da jinin al'adarta na ƙarshe ya fara, na biyu ranar da a ke sa ran haihuwa. Ciki kwana 280 ne, watau mako 40, ko wata tara da rabi in da ganin wata a ke lissafi. Ɗan aji shida ma ya iya fitar da shi: a ƙara kwana 7 da wata 9 bisa ranar farkon. In jinin ya fara ran 10 ga Disamba, haihuwa wajen 17 ga Satumba ke nan, ko da ya ke ta kan gabata ko ta jinkirta da mako ɗaya ko biyu. Ga mutumin Adamawa wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne. Satumba Binuwai a cike ya ke, mayo-mayo sun kawo, hanyoyin ƙauye sun yanke, balle shekara irin 2012 ko 2022 da aka sako ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru. Macen da haihuwarta za ta faɗa cikin watan nan, tana kuwa zaune a hayin ruwa, gara ta ƙetaro wurin dangi a gari tun da sauran kwanaki.

Yanzu mun zo layin da na fi so ku riƙe, inda aka sa haruffan BP. Wannan awon ƙarfin bugun jini ne, a kan rubuta shi lamba bisa lamba, kamar 110/70. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, jini ya hau. Mai ciki tana iya yawo da 150/100 tana raha, ba ta jin kome. Kusa da shi akwai layin fitsari. Abin da a ke nema a ciki wani sinadari ne mai kama da farin ƙwai, furotin, wanda lafiyayyar ƙoda ba ta barinsa ya fita. Wani likita a Landan, John Lever, shi ya lura tun 1843 cewa matan da ke jijjiga wurin haihuwa suna da shi cikin fitsarinsu. A da sai a tafasa fitsarin cikin 'yar kwalba bisa fitila, in ya yi gajimare kamar ƙwai ya ji wuta, an gane. Yanzu wani ɗan tsinken takarda a ke tsomawa, ya sake launi nan take, a rubuta alamar tarawa ɗaya, ko biyu, ko uku, gwargwadon yawansa.

In hawan jini da furotin suka haɗu bayan mako na 20, to, jijjiga tana bisa hanya. Tushen cutar daga mabiyiya ya ke, shi ya sa ba ta rabuwa da mace sarai sai an haihu, wani lokaci ma dole likita ya sa a haihu kafin lokaci don a ceci uwa. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, yawancin masu ciki su kan yi shi, balle da zafin Yola na watan Maris da Afrilu. Amma in fuska ta kumbura, zobe ya matse yatsa, ga ciwon kai mai tsanani, ido yana ganin hazo-hazo ko walƙiya, ko ciwo ya tokare ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ba a jiran ranar awo, ba a ma jiran gari ya waye. Akwai allura mai arha, magnesiyam salfet, wadda aka gwada bisa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, aka bayyana a 2002 cewa tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Abin baƙin ciki, har yanzu in mace ta faɗi tana taune harshe, a wurare da yawa sai a ce iska ce, a kawo turare, a cusa mata cokali a baki, a yi ta ɗura mata ruwa. In kun tarad da haka, ku sa a kwantar da ita bisa gefenta na hagu, kada a sa mata kome a baki, a nemi mota. Mai addu'a ya shiga motar ya yi ta yi a hanya.

Layi na biyu mai nauyi shi ne na haruffan PCV, watau cikin kashi 100 na jininta, nawa ne jajayen ƙwayoyi. Ƙasa da 33 an shiga ƙarancin jini. In ya gangara wajen 21, abin ya yi tsanani, zuciya tana aikin da ya fi ƙarfinta. Inda babu na'ura, ungozoma ta kan ja fatar ido ta duba, ta duba harshe da tafin hannu, ko da ya ke ido ba ya gane abin sai ya yi nisa. Masu shanye jinin mai ciki a ƙasarmu sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, da rashin sinadarin ƙarfe cikin abinci, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa da kusa, da sikila. Na farkon ya fi su wayo. Ƙwayoyinsa su kan taru cikin mabiyiya su ɓuya, uwa ba ta jin zazzaɓi, amma jininta yana raguwa, ɗa kuma ba ya samun abinci sosai, musamman a cikin fari. Don haka ne a ke ba mai ciki Fansidar ta haɗiye gaban nas ko lafiyarta lau, daga mako na 13, wata wata, aƙalla sau uku, a kuma ce ta kwana cikin gidan sauro.

Sai 'yan jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da a ke ba da su a sha kullum. Na ga gidajen da a ke tara su cikin gwangwani ba a sha, wai suna sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita. Ba su ke hana ɗa fita ba. Abin da su kan yi dai, su baƙanta bayan gida, wani lokaci su tayar da zuciya, kuma ba a son a bi su da shayi, gama shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfen. Wani abin mamaki ma da aka gani a Zariya, 'yan mata ƙanana masu cikin fari da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo kafin su haihu. Zogale da alayyafo da wake da hanta da kifin Binuwai duk suna taimako, amma ba su ɗauke wa ƙwayoyin aiki ba. Dalilin wannan fama duka shi ne, ba macen da za ta haihu ba ta zubar da jini ba. Wadda rumbunta ke cike, in an ɗebi kwano biyu ba ta sani ba. Wadda nata ya kusa ƙasa, kwano biyun nan su ne ajalinta.

Sauran layukan aikin hannu ne da tef irin na tela. A mako na 20 kan mahaifa ya kan kai cibiya. Daga mako na 24, in an auna daga ƙashin mara zuwa kan mahaifa, yawan santimita ya kan yi daidai da yawan makonni, da ragi ko ƙarin biyu. In ya zarce da yawa, ko tagwaye ne, ko ruwa ya yi yawa, ko an yi kuskuren kwanan wata. In ya kasa, wataƙila ɗan ba ya girma. Wajen mako na 36 ungozoma ta kan lalluba ta ji ko kai ne a ƙasa, ko ɗuwawu, ko ɗan ya kwanta a gicciye, wanda ba shi da hanyar fita sai likita ya sa hannu. Sa'an nan ta ɗora ɗan ƙahon nan mai kama da mazurari, wanda wani likitan Faransa, Pinard, ya ƙago a 1895, ta ƙirga bugun zuciyar jariri, 110 zuwa 160 a minti, kusan ninkin na babba. Hoton ciki yana da amfani ƙwarai, shi ke nuna tagwaye, da mabiyiyar da ta tare ƙofa, ana kuwa son a yi shi sau ɗaya kafin mako na 24. Amma a Jimeta na ga masu biyan kuɗin hoto sau uku sau huɗu don su san mace ce ko namiji, ba su kuwa san BP ɗinsu ba. Wannan an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma gwajin jinin da a ke yi tun zuwan farko. Ƙanjamau, in ba a sha magani ba, cikin jarirai 100 na iyaye masu ita, 15 zuwa 45 su kan ɗauka, in an sha kuwa ba su kai 5 ba. Tunjere tana kashe ɗa a ciki, allurar fenisilin tana maganinta. Ciwon hanta kuma, in uwa tana da shi, ana son a yi wa jariri rigakafi cikin sa'a 24 da haihuwa. A nan ne kuma a ke rubuta rukunin jininta, da allurar tsinkau-tsinkau, guda biyu wata guda tsakani. Nan fa malami ya kama bakinsa. Abin da ka gani cikin katin mutum amana ne, in ka ga abin da ya shige maka duhu ko ya yi nauyi, ka ce ta koma wurin wadda ta rubuta, kada ka fassara shi gaban kishiya ko uwar miji.

Sau nawa za a je? A da an ce huɗu sun isa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da su takwas: na fari kafin mako 12 su cika, sa'an nan 20, 26, 30, 34, 36, 38, da 40. Ku lura biyar daga ciki suna can ƙarshe, domin a nan ne hawan jini ya fi tasowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin mata 100 a Nijeriya, 67 sun ga ma'aikacin lafiya da cikinsu, 57 sun je sau huɗu ko fiye, amma 39 kaɗai suka haihu a asibiti. Zuwan farko ya kan makara saboda kunya, abin da Fulani ke kira semteende, balle cikin fari, da kuma tsoron baki, sai a ɓoye ciki har ya fito da kansa. Waɗansu kuwa su kan je sau ɗaya tak don su yanki kati, domin in ta ɓaci ran haihuwa kada a yi musu faɗa a asibiti. BP ɗin wata na biyar ba ya ba da labarin wata na tara.

Ga kuma abin da katin ba ya iya faɗi, shi ne ya fi wuyar shiga kan mutane. A shekarun 1970 da 1980 masana sun yi tsammani in an yi tambayoyin shafin farko da kyau, za a iya ware masu haɗari a kai su babban asibiti, sauran su haihu a gida. Da aka bi sawun abin a Kasongo, cikin ƙasar Kwango, sai aka tarar cikin mata goma da haihuwa ta tsaya musu, wajen bakwai ba a sa su cikin masu haɗari ba, cikin goma kuma da aka ce masu haɗari ne, wajen tara haihuwa ba ta tsaya musu ba. Watau awo yana kama cutar da ta riga ta shigo, amma ba ya duba. Zubar jini bayan haihuwa, wadda ita ce kan gaba wurin kashe mata, ta kan auka wa macen da katinta ba shi da aibi ko ɗaya, tana kuwa iya gamawa da ita cikin sa'a biyu. Ko a asibiti ma ido ya kan ruɗi ungozoma bisa yawan jinin da ya zuba. Shi ya sa a wani gwaji da aka bayyana a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni. Da jini ya kai rabin lita sai a haɗa magunguna duka a lokaci guda, ba a jira. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Mai haihuwa a ɗaka ba ta da ledar, ba ta da allurar.

Saboda haka in mace ta ce muku, "An ce lafiyata lau, a gida zan haihu," ku gaya mata kati ba laya ba ne. Ku kuma tambaye ta abin da babu layinsa a yawancin katuna. Ina za ta haihu? In ƙaramin asibitin unguwa ya kasa, gama ba a aikin fiɗa ko ƙarin jini a can, ina za a wuce? Mu a Karewa muna da Asibitin Ƙwararru nan cikin Jimeta, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, amma da ƙarfe biyun dare ko mai Keke Napep sai wanda aka riƙe lambarsa tun da rana. A ƙauye kuwa a san mai mota, a san mai kwalekwale. In maigida yana tafiye-tafiye, ya bar izini tun yanzu, da bakinsa, gaban mahaifiyarsa, cewa in jini ya ɓalle, ko ruwa ya fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, ko rana ta fito ta faɗi tana bisa gwiwa, a tafi ba sai an neme shi ba. 'Yan'uwana maza, wannan naku ne, ku ne za ku zauna da magidanta a dandali, mu ba mu isa can ba. A ajiye 'yan kuɗi dabam da na ragon suna. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yi wa mata marasa hali aikin fiɗa kyauta, to, a tambaya tun ranar awo ko asibitin da za a je yana cikin shirin.

Sai maganar jini. Sau da yawa an kai mace a kan lokaci, ga likita a tsaye, amma a ce dangi su kawo jini, sai ka ga maza suna zamewa ɗaya ɗaya, ko wane yana cewa nasa bai ishe shi ba. Babban mutum yana da jini wajen lita biyar, jakar da a ke ɗiba kuwa ba ta kai rabin lita ba. Ruwan ya kan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin cikin 'yan makonni, lafiyayyen namiji mai nauyin kilo 50 ko fiye yana iya bayarwa bayan ko wane wata uku. Tun da rukunin jinin mace yana rubuce a katinta tun zuwan farko, akwai wata shida na neman mutum biyu da jininsu ya dace da nata, a rubuta sunansu da lambarsu a bayan katin. Mu ma a nan kwaleji muna da ɗaruruwan samari da 'yan mata masu jini a jika. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nemi ma'aikatan asibiti su zo su gwada rukunin jinin duk mai so, a buɗe littafi a ajiye wurin mai kula da ɗakunan kwana, inda za a same shi ko da tsakar dare.